Albashin dala muke hange, bashin kuma a ɗakin Inna yake kwana

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya zafi ya hidima da jama'a. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji mai zaman kanta a nan Garwa, arewacin Kamaru, na daɗe ina karanta jaridarku a waya amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau da wani abu ya tsaya mini a wuya, nace bari dai in fitar da shi ko Allah zai sa ya amfani wani gida. Wani saƙo ne yake ta yawo a WhatsApp tun da aka fito da sakamakon bak, wato jarabawar kammala sakandare, ɗalibaina uku sun turo mini shi, wai ga karatun da ake samun kuɗi da shi a Amurka, karatun gyaran magana da na auna ji, an jera albashi da dalar Amurka an ce yara su ruga su shiga. To ni wannan karatun a cikin gidana yake, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya shi ta karanta, ni na ciyo bashin da aka tura ta, kuma har yau da nake rubutun nan ban gama biya ba, saboda haka ina ganin ina da bakin magana.

Lissafin da ke cikin saƙon ba ƙarya bane, wannan in faɗi gaskiya. Ofishin ƙididdigar ma'aikata na gwamnatin Amurka ya fitar da cewa a 2023 matsakaicin albashin mai gyaran magana dala 89,290 ne a shekara, na mai auna ji kuma dala 87,740. In ka buga da canjin da ke yawo wajen sefa 600 kowace dala zaka ga kusan miliyan 4 da rabi a wata, yaron da babansa ke karɓar jaka 60 a wata, wato sefa dubu 60, in ya ga wannan ai dole idonsa ya rufe. Abin da saƙon ya ɓoye shine hanyar da ake bi kafin a kai ga wannan kuɗin. A can digirin farko na shekara 4 ba ya sa ka zama mai gyaran magana, iyakarka mataimaki ko ka nemi wani aikin daban da albashi ɗan kaɗan, sai ka ƙara mastar na shekara 2, ka cika awa 400 kana aiki da marasa lafiya ana duba ka, ka ci jarabawar ƙasa, sannan ka sake yin kusan wata 9 ƙarƙashin wani babba kafin ƙungiyarsu da ake kira ASHA ta baka takardar shaida. Mai auna ji kuma nasa ya fi tsawo, sai ya yi digirin dakta, kusan shekara 8 kenan gaba ɗaya, kuma da ya fito albashinsa bai wuce na mai mastar ɗin ba kamar yadda ka gani a sama. Mafi yawan waɗannan shekarun da bashi ake yinsu, bashi mai kuɗin ruwa. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kuɗin ruwan da gwamnatinsu ta ɗora wa masu mastar ya haura kashi 8 cikin 100, kuma ruwan yana fara hawa tun ɗalibi yana aji bai fara karɓar ko sisi ba. Bashin karatu a Amurka gaba ɗaya ya wuce dala tiriliyan 1.7, yana kan mutum sama da miliyan 40, shugaba Biden ya so ya yafe wa mafi yawansu dala 10,000 wasu har 20,000 amma kotun ƙolinsu ta rushe shirin a watan Yuni 2023. Akwai wata ƙofa da suka buɗe tun 2007, in kayi wa gwamnati ko makarantar gwamnati aiki shekara 10 kana biya wata wata har sau 120 sai a yafe maka sauran, shi yasa da yawansu suke maƙale a makarantu ko da asibiti mai zaman kansa ya fi biya. Ga haraji, ga haya, ga inshorar lafiya duk a cikin wannan albashin da muke hange.

Amma Malam Edita ni ba Amurka ce ta dame ni ba, su sun san yadda zasu yi da nasu. Abin da ya dame ni shine mu nan ana cewa ai bamu da bashin karatu tunda babu bankin da yake ba ɗalibi rance, kuma jami'ar gwamnati jaka 50 ce kawai a shekara tun gyaran da aka yi a 1993. Wallahi muna da bashin karatu, sai dai namu ba a rubuta shi a takardar banki, yana wajen uwar adashi, yana wajen mai shagon unguwa, yana kan saniyar tsohuwa da gonar gado, kuma ba ɗalibin ne kaɗai yake kwana da shi ba gidan ne gaba ɗaya. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma na karatu a wajenmu babu wanda yake ƙirga shi.

Yadda abin ya shigo gidanmu kuwa ta kan ɗana ne na fari. Yana da shekara 3 lokacin zafin nan na watan Maris da Garwa take zama kamar tanda, zazzaɓi ya kama shi da dare, kafin asuba wuyansa ya sanƙare, muka kai shi asibiti aka ce sanƙarau ne. Kwana 12 muka yi, Allah ya tashi kafaɗunsa muka dawo gida muna ta godiya ana ta zuwa barka. Bayan kamar sati biyu uwarsa tana tsakar gida tana kwashe tuwo, shi yana zaune ya bata baya yana wasa da murfin kwalba, faranti ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti har kajin gidan suka watse, yaron nan ko motsi bai yi ba. Ta kira sunansa sau uku, ta matsa ta tafa hannu a bayan kunnensa, shiru. Ina zaune a kan tabarma ina gyaran takardun yara, ta juyo ta kalle ni bata ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Wannan kallon har gobe yana idona. Yaron da yake cewa Baba ka sayo mini alawa, cikin wata shida maganar ta fara zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya koma nuni da hannu da kuka.

Daga nan aka fara yawo. Wannan yace iska ce a kai shi wajen malam, wata goggonmu tace linzami ne a kira wanzami ya yanke, wani yace a ɗiga masa man kaza a kunne. Daga ƙarshe na ci bashin farko muka hau mota zuwa Ngaundare muka kwana a jirgin ƙasa sai Yawunde, can ne aka sa masa abin kunne aka auna, aka ce kunnen dama ya tafi gaba ɗaya na hagu akwai saura kaɗan, a sa masa aparai, wato na'urar ƙara ji, kuma a samo masa ortofonis, wato mai gyaran magana, ya riƙa zama da shi sau biyu a sati. Nace to a ina zan samu a Garwa, likitan ya yi shiru ya ce in zan iya in bar yaron a Yawunde. Yaro ɗan shekara 4 wanda baya ji, in bar shi wajen wa? Likitan ya kuma gaya mini akwai wata na'ura da ake dasawa a cikin kunne da tiyata, kuma wanda sanƙarau ya kurmantar gara a yi masa da wuri domin cikin kunnen yana iya daskarewa ya zama ƙashi, amma kuɗinta miliyoyi ne masu yawa wanda ko gidanmu na gado muka sayar ba zai kai ba, sai na haɗiye maganar ban ma gaya wa uwarsa ba sai bayan shekaru.

Ƙanwata ce ta raka mu wannan tafiyar tana ajin kusa da ƙarshe a lise, wato sakandare, ita ce take riƙe shi a jirgi. A hanyar dawowa tace mini Yaya ni wannan aikin zan karanta. Na ɗauka maganar yarinta ce, ashe ta ƙulla a ranta. Da ta ci bak ta dinga bincike har ta gano makarantar ENAM ta Lome a ƙasar Togo, wadda ta fara koyar da gyaran magana tun 2003 da taimakon ƙungiyar Handicap International, kuma daga ƙasashe da yawa masu Faransanci can ake zuwa, karatun shekara 3. Mu a arewa nan bamu samu inda ake koyar da shi ba a lokacin. Baffanmu ya ƙi da farko, yace 'ya mace har Togo ba aure ba dangi, sai Inna ta tashi tsaye tace ai jikanta ne yake zaune ba baki, in yarinya zata koyo abin da zai buɗe masa baki ita ta yarda. Inna ta sayar da saniyarta mai ciki da 'yan kunnenta na zinari da ta ajiye tun na aurenta, ni na shiga adashi biyu na roƙi a bani kwasar farko, muka jinginar da gonar da Baba ya bari a bakin Binuwai. Kuɗin makaranta, hayar ɗaki, abinci, littattafai, kuɗin mota ta Yola har Legas har Kwatano har Lome, ga 'yan canji suna cin nasu domin sefarmu ta tsakiyar Afirka ba a karɓarta a can duk da darajarsu ɗaya da tasu. Na rubuta komai a wani littafi mai bangon shuɗi, da ta gama na haɗa ya haura sefa miliyan 4. Ni da albashina ko jaka 100 bai kai ba.

To ta dawo da takardarta da sakamako mai kyau, muka yi walima muka ce wahala ta ƙare. Shekara huɗu kenan yanzu. Ta kai takardu ofis ofis, ko'ina sai a yaba a ce kai ana buƙatar irinku sosai, amma babu gurbi, a jira, wani wajen ma sai ta tsaya ta yi wa mai karɓar takardun bayanin menene aikin nata domin bai taɓa jin sunansa ba. Matrikil ɗin da kowane gida yake jira, wato lambar shiga aikin gwamnati, shiru. Yanzu tana zuwa wani kilinik mai zaman kansa kwana uku a sati, babu albashi tsayayye, duk seyans ɗin da aka biya jaka 5, wato zama ɗaya da mara lafiya, a raba biyu da mai kilinik, sauran kwanakin ta hau kilando, wato babur ɗin haya, tana bin gidaje. Wata mai kyau ta haɗa jaka 80, wata mara kyau ko 40 bata gani, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a 2023 wa ma'aikatan kamfanoni jaka 60 ne. Kuma ba don babu marasa lafiya bane, wallahi sun fi ƙarfinta, matsalar aikin nan ba kamar allura bane da za a yi sau ɗaya a tafi, yaro yana buƙatar zama 20, 30, wani shekara guda cur, uban da yake tura baro a kasuwa ina zai samu jaka 10 duk sati? Sai su zo sau biyu sau uku su ɓace, in ta kira uwar tace Anti kiyi haƙuri babu hali ne, sai ƙanwata tace ki kawo shi haka nan. Rabin yaran da take gani kyauta take ganinsu, ni kuma ga uwar adashi a ƙofar gida ranar 5 ga wata, mace mai mutunci bata taɓa ɗaga mini murya ba, zama kawai take yi a zaure ta gaishe ni ta yi shiru, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Na taɓa yi wa ƙanwata faɗa nace ke ba ƙungiyar agaji bace, tace Yaya da wani ya ce maka haka lokacin da muke Yawunde ya zaka ji, ban sake tayar da maganar ba.

Abin da yasa na kasa cewa mun yi asara shine abin da nake gani da idona. Tun tana zuwa hutu take zama da ɗana a kan tabarma da madubin uwarsa a gabansu, ta ɗora hannunsa a maƙogwaronta tace ba ba ba yana jin rawar muryar a tafinsa, sannan ta mayar da hannun kan nasa maƙogwaron. Ta sa auduga a tafin hannu tana nuna masa harafin da iska ke fita da wanda bata fita, ta busa balan balan su riƙe tare tana magana a jikinsa yana jin yana kaɗawa. Bambancin bari da ɓari kaɗai sun fi wata biyu a kansa domin a leɓe kamarsu ɗaya, ido baya rabewa, kuma wannan babu shi a littattafan da ta karanta tunda Faransanci bashi da ɓ balle ɗ balle ƙ, ita ta zauna ta ƙirƙiro dabararta. Ranar da na shigo daga makaranta ya tare ni a zaure yace Baba sannu da zuwa, muryar a karkace amma kowace kalma ta fito, sai da na jingina da bango. Yanzu shekararsa 13 yana lakwal tare da masu ji, yana zama a layin gaba yana karanta bakin malam, yana kuma maganar hannu da abokansa kurame, domin ita da kanta ta hana mu raba shi da maganar hannu, tace harshe ne cikakke kada mu raina shi. Aparai ɗin ma wata hidima ce, batir ɗinsa sati ɗaya ko biyu ya mutu, ƙurar hunturu da gumi suna toshe shi, kuma roban da ke shiga kunne sai an sake wani duk lokacin da yaro ya ƙara girma, duk sai an aika kudu.

Akwai kuma wani dattijo da aka kira ta ta gani, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, bakinsa ya ɗauke. Mutumin da ya yi shekara 30 yana rubuta takardun ofis da Faransanci, yanzu ko ruwa baya iya roƙa, amma in aka tayar da Fatiha sai ya karanta ta tiryan tiryan har ƙarshe, iyalinsa suna ta mamaki wasu har suna cewa da gangan yake ƙin magana. Ta yi musu bayani cewa haka ciwon yake, abin da baki ya saba da shi tun yarinta yakan tsira ko da sauran sun tafi, kuma ta nan ta kama zaren, daga addu'o'i zuwa ƙirga zuwa gaisuwa, da Fulatanci domin shi ne harshen da ya fara dawo masa, Faransancin da ƙyar. 'Ya'yansa sun riga sun kai shi kudu wajen ƙwararre sun kashe kuɗi mai yawa, ƙwararren ya san aikinsa amma baya jin Fulatanci baya jin Hausa, me zai gyara? Nan ne nake so hukuma ta gane, wannan aikin da harshe ake yinsa. Likitan ƙashi zai iya zuwa daga Duwala ko Faransa ya ɗora karaya ya tafi ba tare da ya iya sannu ba, amma mai gyaran magana dole ya ji yaren da uwa take yi wa ɗanta rarrashi da shi, Hausa ne, Fulatanci ne, Larabcin Shuwa ne, Tupuri ne, Mundang ne, Mafa ne. Ma'ana sai 'ya'yanmu na arewa ne zasu iya yi mana shi, kuma su ne waɗanda iyayensu basu da ƙarfin ɗaukar bashin miliyan 4 su jira shekara huɗu babu aiki.

Kuma buƙatar a wajenmu ta fi ta ko'ina. Arewacin Kamaru da Cadi muna tsakiyar yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa ne, rigakafin MenAfriVac da aka fara yi mana wajen 2011 ya karya lagon nau'in A alhamdulillahi amma sauran nau'o'in suna nan. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar jarirai da ake barinta sai ta yi yawa, ga kunne mai zubar da mugunya da muke ɗauka ba komai bane yaro ya shekara da shi, ga allurai irin su jentamisin da ake saya a kasuwa a yi wa yaro ba awo alhali suna iya kashe ji, ga masu injin niƙa da 'yan walda da suke wuni cikin ƙara ba abin toshe kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum miliyan 430 a duniya suna da matsalar ji da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga ciki yara ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. A Afirka tace mutum wajen miliyan 40 ne, kuma mafi yawan ƙasashenmu basu da ko mai auna ji ɗaya ko mai gyaran magana ɗaya ga mutum miliyan guda. Akwai wata mata da take zuwa wajen ƙanwata tun daga Lere ta ƙasar Cadi da 'yarta mai tsagaggen leɓe da aka ɗinke mata kyauta amma maganar tana fita ta hanci, sau ɗaya a wata take iya zuwa, ta kwana a gidanmu ta koma da darussa a rubuce a takarda wanda ɗan maƙwabcinta yake karanta mata. Makarantun kurame ma da muke da su a ƙasashen nan da yawa asalinsu daga wani kurma ne baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, wanda ya fara a Gana a 1957 ya bi ƙasa ƙasa har Cadi da Kamaru yana buɗewa kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Mutum ɗaya kurma ya yi wannan, mu masu ji da gwamnatoci da jami'o'i fa?

Abin da nake roƙo bashi da yawa. Yanzu muna da jami'a a Ngaundare, muna da ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022 har da sashen koyon likitanci, a buɗe wannan fannin a ɗaya daga cikinsu yaranmu su karanta a gida da jaka 50 a shekara suna cin tuwon gidansu, kaga rabin bashin ya tafi tun daga nan. Wanda kuma dole sai ya fita waje a ɗauki nauyinsa da sharaɗin ya dawo ya yi wa asibitin yankinsa aiki shekara kaza, a ajiye masa gurbin tun kafin ya tafi. Dokar kare naƙasassu ta 13 ga Afrilu 2010 tana nan a rubuce, ta yi maganar kula da lafiyarsu da karatunsu, to wa zai yi aikin in ba a ɗauki masu yinsa ba? Na ga maƙwabtanmu Najeriya sun kawo NELFUND a 2024, rancen karatu ba kuɗin ruwa, sai ka gama bautar ƙasa da shekara biyu kuma kana da aiki sannan a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinka. Wasu abokaina suna cewa a kawo mana irinsa, ni ma na fi son shi a kan na Amurka tunda babu riba a ciki, amma rance ba tare da gurbin aiki ba ɗaura wa yaro dutse ne kawai, mu da muka gwada mun sani. Kuma masu hali na cikinmu, Alhazan Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena da suke fitar da zakka duk shekara, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata, ɗaukar nauyin seyans ɗin yaro kurma guda ɗaya na shekara ba zai gagare su ba.

Ɗalibaina da suka turo mini saƙon nan na zaunar da su na buɗe musu littafina mai bangon shuɗi suka gani da idonsu, ban hana kowa ba, nace duk wanda zai shiga ya shiga don yana son aikin kuma ya zauna da iyayensa a yi lissafi tun daga kuɗin mota har shekarun zaman jira, kuma su sani takardar nan tamu ba a ɗauka a shiga Amurka da ita a fara karɓar dala, sai an sake bin matakansu da Turancinsu, ko Faransa ma tun 2013 karatun ya koma shekara 5. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce mai in'ina tun tana ƙarama, ita ta tsaya bayan sauran sun fita tace Malam ni dai har yanzu ina so, na bata lambar ƙanwata.

Saura jaka 700 a kaina, gonar bakin Binuwai har yanzu tana hannun mutane, Inna kuma bata taɓa tambayar saniyarta ba ko sau ɗaya. Satin da ya wuce wata abokiyar karatun ƙanwata ta kira ta daga Libarbil ta ƙasar Gabon, wani kilinik yana neman ortofonis da albashi tsayayye wanda ya ninka abin da take samu a nan sau huɗu har da ɗaki, cikin shekara ɗaya zata iya share bashin nan a karɓo gonar. Ta same ni bayan isha'i a zaure tace Yaya kai ne ka sha wahalar, duk abin da kace shi zan yi. A jakarta akwai littafin da take rubuta sunayen yaran da take gani, su 23 ne har da 'yar matar Lere da ɗana. Sun bata zuwa ƙarshen wata, har yanzu ban bata amsa ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, wani malamin makaranta daga Garwa, Kamaru.